Ruwan Wikki da Giwayen Gaji

Ka tambayi mutum goma da suka taɓa zuwa Yankari abin da suka gano, tara da ruwan Wikki za su fara. Za su ce maka ruwa ne garai-garai, kana tsaye a ciki har ƙirji kana hango farcen ƙafarka a kan farin yashi. Daga nan sai labarin gwaggon birin da ya fizge wa wata baiwar Allah ledar burodi ya haye rufin ɗaki da ita. In ka ce, "To, giwa fa?" sai a yi jim, a ce, "Mu dai kashinta muka gani a kan hanya."

Ba ƙarya suka yi ba, kuma ba rashin sa'a kaɗai ba ne. Yadda akasarinmu ke zuwa Yankari, da wuya a ga giwa ko da tana kusa. A taso daga Kano ko Jos da hantsi, a iso bayan azahar rana na dukan tsakar ka, a faɗa ruwa, a sha hotuna, a shiga mota zagayen sa'a ɗaya ana kiɗa a waya, kafin magariba an kama hanyar gida. Mai wannan tafiya wanka ya je, dajin bai ma san ya zo ba. Abin da ya sa na damu da maganar shi ne, yadda baƙo ke kallon Yankari haka hukuma ma ke kallonsa. In ruwan wanka ne ke kawo jama'a, ɗakunan kwana da bakin ruwa za a yi ta gyarawa, dabbobin kuma Allah Ya kiyaye su.

Dajin yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, wato ya kusa kashi biyu cikin uku na jihar Legas. Daga hanyar Bauchi zuwa Gombe ake ratsewa a Dindima, a yi kudu har ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Daga ƙofar zuwa zangon Wikki akwai sauran kilomita 42, duk a cikin daji. Mutane da yawa kan ɗauki wannan tazara a matsayin hanya kawai, direba ya take mota kamar mai gudun kada a rufe kasuwa. Alhali nan kallon yake farawa. Wanda ya tafi a hankali zai ga jan biri ya gifta, ya ga burtu na takawa cikin ƙasaita a gefen titi, wani lokaci har gwanki.

Shi ruwan Wikki daga gindin wani dutse yake ɓulɓulowa. Ƙasar wannan yanki dutsen yashi ne, irin mai shan ruwa kamar soso. Ruwan saman da ya sauka a kan tudu yakan nitse cikinsa ya yi ƙasa sosai, inda cikin ƙasa ke da zafi, ya ɗumama a can, sannan ya sami kafa ya fito a kwari. A tafiyar nan yashin ya riga ya tace shi, shi ya sa ba laka ba gurɓata. Ɗuminsa digiri 31 ne da ɗoriya kaɗan, dare da rana, rani da damina. Jikin mutum kuwa digiri 37 ne, kuma nan daɗin yake: da asubahin hunturu, lokacin da haƙora ke kaɗawa, ruwan tururi yake yi kamar an ɗora shi a murhu, amma da tsakar ranar watan Afrilu shi ne wuri mafi sanyi a duk zangon. Ruwan bai canza ba, iska ce ta canza. Faɗinsa kamar mita 13, zurfinsa bai cika mita 2 ba, kuma an ƙiyasta yana zubar da lita miliyan 21 a kullum. Tankar mai irin ta lita 33,000 sai ka jera sama da 600 kafin ka kwashe ruwan yini guda. Ana cewa sunan daga harshen mutanen Duguri ya fito, ma'anarsa "kana ina?" Har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jihar, Wikki Tourists, daga nan ta ari suna.

To ina wannan ruwa ke tafiya bayan ya wuce masu wanka? Kogin Gaji yake faɗawa, wanda ya ratsa tsakiyar dajin. Ba Wikki kaɗai ba, akwai wasu maɓuɓɓuga masu ɗumi irin su Dimmil da Gwan da Nawulgo, da mai sanyi guda a Tungan Naliki. Ruwan sama a Yankari bai wuce milimita 900 zuwa 1,000 a shekara ba, kuma kusan duka tsakanin Mayu da Satumba yake sauka. Daga nan sai wata bakwai kusan ba ɗigo. Tafkuna su ƙafe, rafuka su koma yashi, amma Gaji ba ya yankewa, domin daga ƙarƙashin ƙasa ake ciyar da shi. Babbar giwa na shan sama da lita 100 a rana. Ɓauna ba ta iya yin nisa da ruwa, gwambaza ma haka, balle dorina da kada da ruwan ne gidansu. Ke nan ruwan da ake tallatawa a matsayin wurin shaƙatawa shi ne ya tara namun dajin tun farko. Mu baƙi ne a mashayarsu.

Wanda ya fahimci wannan ya san lokacin zuwa ba sai an gaya masa ba. Da damina daji ya yi kore shar, gamba ta fi mutum tsawo, ko'ina akwai ruwa, dabbobi sun bazu. Ido zai sha kyau, amma ɓauna na iya tsayuwa taku goma da kai ba ka gan ta ba, ga hanyoyi sun yi taɓo. Disamba da Janairu sun fi daɗin jiki, su ne kuma lokacin cunkoso, musamman hutun ƙarshen shekara. Mai neman dabbobi da gaske kuwa sai ya daure wa zafin Fabrairu zuwa Afrilu. Lokacin ciyawa ta bushe ko ta ƙone, itatuwa sun kaɗe ganye, ƙishirwa ta koro kowa zuwa kwarin Gaji. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Bayan wata sai sa'a. Dabbar dawa ba ta yawo da tsakar rana, inuwa take nema kamar kowa. Fitarta daga ketowar alfijir ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Duk wanda ke son ya riski waɗannan lokuta biyu dole ya kwana, kuma a nan ake yin ta da Bahaushe. Ba wai ba mu san kwanan daji ba. Fatake sun yada zango a dawa shekaru aru-aru, mafarauta na kwana a kan reshe, makiyayi gidansa ke nan. Amma duk larura ce ke kai su. Mutum ya bar katifarsa da fankarsa, ya biya kuɗi don ya kwana a tanti yana sauraren kukan kura, in ya faɗa a majalisa tambayar farko ita ce, "Me ka rasa a gida?" Ni dai amsata ita ce shiru na rasa. A garuruwanmu yanzu babu daren da ba janareto, ba hon, ba lasifika. A Wikki, in dare ya raba aka kashe inji, mutum zai ji kunnensa na neman abin da ya saba ji ya rasa. Can sai ƙananan sautuka su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: gyare, kwaɗi daga kwari, wani abu na taka busasshen ganye a bayan ɗaki, sannan daga nesa kura ta ja muryarta sama kamar mai tambaya.

Zangon yana da ɗakunan kwana sama da 100, manya da ƙanana, da masaukin ɗalibai, da wurin cin abinci, da ɗan gidan tarihi inda aka ajiye ƙasusuwa da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Mai son tanti sai ya fara neman izini a ofis, a nuna masa inda zai kafa. Ba a kafa tanti a duk inda aka ga dama, ba a kuma fita yawo da ƙafa ba tare da ma'aikaci ba. Zangon ba shi da katanga. Gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, kiwo yake yi a tsakanin ɗakuna kamar tumakin unguwa. Yakan durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana tonon saiwa, in ya firgita ya miƙe wutsiya sama kamar eriyar mota ya ruga.

Masu gidan na ainihi dai su ne gwaggon birai. Na taɓa zama da safe ina kallon wani babban namiji yana bin motocin da aka ajiye ɗaya bayan ɗaya. Ya kama hannun ƙofa ya ja, in ta ƙi ya wuce ta gaba, ba gaggawa, kamar mai gadi na duba makullai. A ta huɗu ya dace. Ya shiga ya fito da ledar lemo, ya zauna a kan bonet yana ɓarewa yana zubar da ɓawo, mai motar na ihu daga nesa shi ko a jikinsa. Jama'a suka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma ba haka aka halicce shi ba, mu muka koya masa. Duk wanda ya miƙa wa biri biskit don ya ɗauki hoto ya ƙara masa darasi cewa hannun ɗan Adam rumbu ne. Ranar da ya ciji yaro, shi za a kira mugu. Dokar zama da su ba wuya: a rufe taga da ƙofa, abinci ya zauna a but ɗin mota, kada a riƙe leda a fili, kada yaro ya yi yawo da abin ci a hannu. A tanti kuwa ko ƙwayar gyaɗa kada ta kwana.

Fita kallo a buɗaɗɗiyar mota ake yi tare da ɗan rakiya, safe da yamma. A sa riga mai dogon hannu, mai launin ƙasa, saboda ƙudan tsando, wanda shuɗi da baƙi ke janyowa, cizonsa kuma kamar an soka allura. Sauran guzurin shi ne haƙuri da kame baki. Ɗan rakiyar kirki karatun ƙasa yake yi. Zai nuna maka sawun giwa, faɗinsa kamar faranti, ya taɓa kashin da ƙafa ya ce na daren jiya ne, ya nuna reshen da aka karya ɗanye, ɓawon bishiyar da aka saɓule. Ya san carki ba ya tashi banza, inda ya tashi akwai ɓauna ko gwanki. Wanda ya ƙudurta giwa ko zaki kaɗai zai iya dawowa yana cewa bai ga komai ba, alhali ya wuce kanki da mazo da gwambaza, ya wuce kada na shan hantsi baki buɗe, ya wuce tsuntsaye a dajin da aka ƙidaya sama da iri 350. Ranar da aka dace kuwa, ba a jin zuwan giwa. Dabba mai nauyin tan huɗu ko biyar, amma sai dai ka ga abin da ka ɗauka inuwar bishiya ce ya kaɗa kunne. Uwa ta tsaya tsakaninka da ɗanta, ta ɗaga hanci tana shinshina iskar motar. A lokacin ko mai surutun cikinku ba sai an ce ya yi shiru ba.

Sai dai gaskiyar da ba a rubutawa a takardar talla ita ce, dajin ya rame. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe shi a 1956, zamanin Sardauna yana Firimiya, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya shiga sahun gandayen daji na ƙasa, a 2006 kuma, lokacin Obasanjo yana shugaban ƙasa Ahmadu Adamu Mu'azu yana gwamna, aka maido wa jihar Bauchi. A tsawon wannan tarihi raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, rabbi da kyarkeci ma haka. Cutar bushiya da ta yi wa shanun Arewa ɓarna a 1983 ba ta bar ɓaunar dajin ba. Raƙuman dawa da jakunan dawa da ake zuwa gani yau a Sumu, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su. Zaki yana nan amma 'yan ƙalilan ne, kuma a duk Najeriya babu inda ya rage sai nan da dajin Kainji. Damisa an daɗe da fidda rai da ita, sai a 2017 wata kyamara da aka ɗaure a jikin bishiya ta ɗauko hoton namiji guda.

Giwa ce ma'aunin komai. A 2006 an ƙidaya kusan 350 a Yankari. Kafin shekara goma ta cika, ƙiyasi ya dawo tsakanin 100 da 150. Adalci shi ne a faɗa cewa shekarun nan ne farashin haure ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Asiya, aka yi wa giwayen Afirka kisan kiyashi daga gabas har yamma. Amma adalci ne kuma a faɗa cewa a daidai lokacin an kashe maƙudan kuɗi wajen gina ɗakuna da kwalta, masu gadin daji kuwa na fuskantar mafarauta da tsofaffin bindigogi. Akwai waɗanda suka rasa rayukansu a bakin wannan aiki, ba kuma kowa ya san da su ba. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da WCS, ƙungiyar kare namun daji mai hedikwata a New York, ta karɓi ragamar sintiri. Abin da aka yi ba sihiri ba ne: horo, kayan aiki, guzurin kwana da kwanaki a daji, alawus a kan lokaci, da ƙulla wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke yake ta tauraron ɗan Adam. Daga tsakiyar 2015 aka jera shekaru ba a sami gawar giwar da mafarauta suka kashe ba. Wannan ya nuna dajin bai fi ƙarfin gyara ba. Amma giwa wata 22 take ɗauke da ciki, haihuwa kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar. Abin da aka ɓarnatar cikin shekara goma, jikokinmu ne za su ga cikarsa, in an ɗore. Duk ƙasar nan yanzu ƙiyasin giwayen da suka rage bai wuce 400 ba, kuma garken Yankari na cikin mafi girma.

Shin jiha za ta iya riƙe irin wannan amana? Ina ganin za ta iya, har ma ta fi Abuja sanin ƙauyukan da ke kewaye da hakimansu. Rauninta shi ne kowane gwamna da inda hankalinsa yake, kuma ginin da za a yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto ya fi takalmin mai gadin daji farin jini a kasafin kuɗi. Ga matsalar tsaro da ta taɓa dazuzzukan wannan yanki kamar sauran na Arewa. Dajin da ba a sintiri a cikinsa ba ya zama kango na dogon lokaci, wani zai tare.

Akwai kuma mutumin da baƙo ba ya gani, wato manomin bakin iyaka. Yankari ba shi da shinge. Da kaka, daidai lokacin da dawa ta yi kai masara ta nuna, garken giwa na iya fitowa cikin dare ɗaya ya share abin da mutum ya yi wata biyar yana wa wahala. Wanda aka yi wa haka, in ka zo masa da wa'azin gadon ƙasa, kallon ɗan birni mai ƙoshi zai yi maka, kuma yana da hujja. Makiyayi ma na hango ciyawa da ruwa a cikin gandu a watan da shanunsa ke faɗuwa. In ya shiga, shanu su ci abincin ɓauna, su yi musayar cuta, zaki ya kama saniya, a zuba guba a mushe, ungulu da kura su bi zakin lahira. An gwada ɗaukar matasan ƙauyuka aikin sa ido, su sanar in garke ya doso gonaki a kora shi tun bai shiga ba. An kuma riƙa kai yaran makarantun kewaye su ga dajin da suka girma a gefensa ba su taɓa shiga ba. Dabaru ne masu kyau, amma ba su kai girman matsalar ba. Muddin kuɗin ƙofa ba ya komawa Mainamaji da Duguri da sauran maƙwabta ta hanyar da za su gani da ido, rijiya ko asibiti ko diyyar gona, to mafarauci zai ci gaba da samun mai ɓoye shi.

Ai dama mutum ba baƙo ba ne a wannan daji. A Dukkey akwai rijiyoyi sama da 130 da aka haƙa cikin dutse, suna haɗe da juna ta ƙarƙashi. Akwai koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutsen yashi, waɗanda ake kira da sunan Marshall, mai binciken da ya bayyana su a 1980. A Shau Shau ga matoyan ƙarfe na tsoffin maƙera nan tsaye. Ruwan da ya tara giwaye shi ya tara waɗannan mutane. Abin takaici, baƙi kaɗan ne ke tambayar a kai su.

A bakin ruwan ma akwai gyara. Iyalai da yawa na zuwa, maza da yara su shiga, mata su zauna a kan matakala suna gadin takalma, don ba za su yi wanka a cakuɗe ba. Ware musu sa'o'i nasu ba ya cin ko kwabo. Sabulu da omo kuma ba su da wuri a nan, haka ledar ruwa da robar lemo, domin duk abin da aka saka a Wikki gobe yana cikin dorina.

Saboda haka mai niyyar zuwa, ka ware kwana biyu ko uku, ka auna ƙarshen rani, ka kira zangon ka ji halin hanya da tsaro kafin ka taso. Ka yi sallar asuba ka shiga motar farko, ka sa wayarka a aljihu. Ka sallami ɗan rakiyarka da hannu sake, ka sayi abin da za ka saya a ƙauyukan bakin ƙofa. In ka dawo daga kwarin Gaji da ƙura har gira, sannan ka gangara Wikki. Ruwan na nan a digiri 31, ba inda za shi.